Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: yadda ƙungiyoyin Rabah, Wurno da Goronyo za su samu kwangilar gwamnati tare

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta kai su sauraro ba, da masu son su ajiye su sake karantawa a tsanake.

Bari in fara da allo. Allon kwangila nake nufi, wanda ake kafawa a bakin asibitin ƙauye ko gefen rijiyar burtsatse. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Achida, ya wuce Wurno ya nufi Goronyo, ya ga irinsu. A sama sunan aiki, a tsakiya sunan ma'aikatar da ta bayar, a ƙasa sunan ɗan kwangila. Ku riƙa tsayawa kuna karanta layin ƙasan nan. Sau nawa kuka ga sunan wata ƙungiya ta garin da aka yi aikin?

Kwanakin baya na zauna da wasu matasa a wani ƙauye na ƙasar Rabah. Suna da ƙungiya, shekarunsu da yawa suna gyaran famfunan tuƙa-tuƙa da karo-karon aljihunsu. Da aka tashi ba da aikin gyaran famfunan yankin a hukumance, wani kamfani daga nesa ya samu. Mai kamfanin ya zo sau ɗaya, ya nemi matasan nan, ya ba su kayan gyara da ɗan kuɗin abinci, su suka yi aikin kaf, suka tura masa hotuna ta WhatsApp, ya haɗa rahoto ya karɓi kuɗinsa. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini, “Yaya, ai mu ba mu da kowa a sama.” Na ce masa gaskiya ne, sanayya tana aiki a ƙasar nan, ba zan yaudare ka ba. Amma na tambaye shi: ranar da aka buga tallar aikin, kun nema? Shiru. Kuna da rajista? Akwai wata takarda da ƙaramar hukuma ta ba su. Asusun banki da sunan ƙungiya? Kuɗin yana wajen ma'aji, a asusunsa na kansa.

To kun ji. Ko da babu sanayya, ko da mai ba da aikin waliyyi ne, ba shi da hanyar da zai ba su. Wannan shi ne zancenmu na yau.

Ita gwamnati ba duk aikinta take yi da ma'aikatanta ba. Da yawa saye take yi. Tana sayen gini, tana sayen kaya, tana kuma sayen hidima: ciyar da ɗalibai, kwashe shara, yashe magudanan ruwa, wayar da kai kan rigakafi, bi gida-gida a auna yara masu tamowa, rabon gidan sauro, koyar da manya karatu. Wannan kashi na uku, na hidima, shi ne wanda ƙungiyoyin al'umma da na agaji suka fi kowa iyawa, don jarinsa mutane ne da amana. Ba ya buƙatar katafila.

A matakin tarayya akwai dokar sayayyar gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP. Tana aiki kan ayyukan ma'aikatun tarayya, da duk aikin da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsa daga tarayya ya fito. Jiha kuma tana da tata dokar da nata ofishin, wanda 'yan kwangila ke kira Due Process. Tsarin kusan iri ɗaya ne. A buga talla, masu so su kawo tanda (ba tandar masa ba fa, takardar neman kwangila), a buɗe a bainar jama'a, a tantance, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Ku lura da jerin: cika sharuɗɗa tukuna, sannan a duba farashi. Galibi ambulan biyu ake kaiwa, ɗaya na takardu da bayanin ƙwarewa, ɗaya na kuɗi. In na farko ya faɗi, ba a ko buɗe na biyu.

Me ke cikin ambulan na farko? Ku ɗauki kowace tallar tarayya a jarida ku gani. Takardar rajista da CAC. Shaidar biyan haraji ta shekara uku. Shaidar hukumar fansho, PENCOM. Ta asusun horar da ma'aikata, ITF. Ta inshorar ma'aikata, NSITF. Shaidar shiga rumbun bayanan BPP. Rahoton odita na shekara uku. Wasiƙar banki. Sai kuma shaidar cewa ka taɓa yin irin wannan aiki, da takardar ba da aikin da ta kammalawa. Ƙungiyar agaji kuma banki zai nemi rajistar SCUML, wani sashe na EFCC, kafin ya buɗe mata asusu.

Ƙungiyar mata ta Gandi mai mutum talatin ba za ta iya tara wannan ita kaɗai ba. Kuɗin odita kawai ya isa ya cinye adashensu na wata da watanni. Ga kuma girman aikin. Ma'aikata ba ta son ta sa hannu da ƙungiya arba'in, ta bi rahoto arba'in, ta biya baucan arba'in. Ta fi son mutum ɗaya da za ta kama in abu ya lalace. Shi ya sa ake ɗinke aiki ya zama babba: ƙaramar hukuma uku a kwangila ɗaya, ko ma rabin jiha.

Misali na gaske. A 2018 Bankin Duniya ya amince da wani shiri na yaƙi da rashin abinci mai gina jiki, ANRiN, na sama da dala miliyan 200, a jihohin da suka haɗa da Kano da Kaduna. Abin da ya bambanta shi shi ne gwamnatocin jihohi sun ɗauki ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba a kan kwangila, su kai wa mata masu ciki da ƙananan yara hidima har gida, a biya su gwargwadon sakamakon da aka tantance. Aikin ƙungiya ne tsantsa. Amma yankin da ake ba kowane mai kwangila ƙananan hukumomi ne masu yawa a dunƙule, don haka manyan ƙungiyoyi da gamayyarsu ne suka iya shiga takara. 'Yan ƙananan ƙungiyoyin unguwa sun shigo ne daga ƙasa, a matsayin masu aikin ƙafa. Duk ranar da irin wannan ya zo gabashin Sakkwato, haka za a yanka shi. Tambayar ita ce a wane mataki zai same ku.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, darasin haɗuwar nan ba sai mun je wata ƙasa ba. Yana nan bakin dam.

Madatsar ruwa ta Goronyo, a kan gulbin Rima, an kammala ta a 1984, kuma an gina ta ne ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. A ƙasanta akwai filin noman rani na Rima ta Tsakiya, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Shekara da shekaru, tsarin shi ne komai na hukuma ne: ita ke sakin ruwa, ita ke yashe magudana, ita ke gyaran ƙofofi. In kasafi bai zo ba, ciyawa da yashi su toshe hanya, manomin da ke ƙarshen layi ya zuba ido shinkafarsa na bushewa. Da shirin TRIMING ya zo, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da kusan dala miliyan 500, ya haɗa da Rima ta Tsakiya da Bakolori da Kadawa ta Kano da kwarin Haɗeja, babban abin da ya sa a gaba bayan gyaran gini shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Manoman da ke shan ruwa daga ƙaramar magudana ɗaya su zama ƙungiya. Ƙungiyoyin da ke kan babbar magudana ɗaya su haɗu su fitar da wakilai. Wakilan su haɗu a uwar ƙungiya, mai rajista da asusu, wadda ita ce za ta zauna da hukuma a raba aiki a rubuce: dam da babbar hanyar ruwa na hukuma, ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa na manoma.

Ku cire kalmar ruwa daga wannan bayani, abin da ya rage shi ne kwangilar hidimar jama'a a hannun ƙungiyoyin al'umma. Manomi ɗaya a Falaliya ba zai iya sa hannu da hukumar tarayya ba. Ƙungiyar mutum ashirin ma ba za ta iya ba. Amma da aka yi hawa-hawa, aka samu baki ɗaya da sa hannu ɗaya, sai ga abin ya yiwu. Ba na ce komai ya tafi sumul ba. Duk wanda ya yi noman rani ya san rigimar kuɗin ruwa, da ta na sama ya sha na ƙasa ya rasa. Amma siffar ita ce abin dubawa.

Iyayenmu da suka yi Fadama III ma sun san wannan. Ƙananan ƙungiyoyin masu sana'a ɗaya, masu albasa, masu tafarnuwa, masunta, mata masu surfe, su ke haɗuwa su kafa ƙungiyar fadama ta yanki, ita ke rubuta tsarin abin da ake so, ita ke karɓar kuɗi a asusunta. Matsalar ita ce mun ɗauki waɗannan ƙungiyoyi a matsayin rigar shiri. Shiri ya ƙare, a tuɓe a rataye. Takardun rajista suna can cikin adaka, asusun banki ya mutu. Alhali tarihin aikin da aka yi da su, in da an adana rasit da rahoto, shi ne ainihin abin da takardar tanda ke kira ƙwarewar baya.

To a ce yau an buga talla: ana neman wanda zai kula da gyaran famfunan ƙauyuka da wayar da kai kan tsafta a Rabah, Wurno da Goronyo na shekara biyu. A ce akwai ƙungiyar matasa masu gyaran famfo a Rara, ƙungiyar mata a Achida da suka saba shiga gidaje, ƙungiyar gama kai ta manoma a Shinaka mai babura da ɗan jari, da wata ƙungiyar agaji a cikin Sakkwato mai rajistar CAC da akanta da rahoton odita. Kowace ita kaɗai ta faɗi tun a ambulan na farko, har ta birnin, don ba ta da mutane a ƙauyukan. Ta yaya za su shiga tare?

Hanya mafi sauri ita ce a sa ta birnin a gaba. Ita ke neman aikin da sunanta, ita ke sa hannu, sauran su zama masu ƙaramar kwangila a ƙarƙashinta. Sauƙi gare ta, amma a nan ne kura ke shan bugu. A Birtaniya, lokacin da gwamnati ta fito da wani babban shirin sama wa marasa aiki aiki a 2011, manyan kamfanoni ne suka karɓi yawancin kwangilolin, kuma ƙananan ƙungiyoyin agaji da dama sun koka cewa an jera sunayensu a takardar neman aiki don ta yi kyau, da aka samu aikin kuma ba a turo musu komai ba. An yi ado da su kawai. In a can an yi haka, ku ƙiyasta nan. Don haka in za ku bi wannan hanya, kada ku ba kowa takardar ƙungiyarku ko hotunan aikinku ya sa a tandarsa sai an rubuta, tun kafin a kai tandar, cewa in an samu aikin, gundumomi kaza naku ne, a kan kuɗi kaza, ana biya cikin kwana kaza bayan an biya jagora.

Hanya ta biyu ita ce haɗin gwiwa na aiki ɗaya. Duka huɗun ku sa hannu a yarjejeniya, ku kai tanda ɗaya da sunayenku duka, ku naɗa ɗaya ta yi magana da yawunku. Amfaninta, ana haɗa ƙarfinku a lissafi: kuɗin wannan, ma'aikatan wancan, ƙwarewar waccan. Kuma in an gama, kowa na da sunansa a takardar kammalawa, wadda ita ce jarin neman aiki na gaba. Amma akwai wani layi da ke cikin kusan kowace takardar irin wannan, wanda mutane ke tsallakewa ba su karanta ba. Yana cewa alhakin aikin yana kan ku duka tare, kuma yana kan kowannenku shi kaɗai. Ma'ana, in matasan Rara suka karɓi kuɗi suka watse, gwamnati na da ikon ta kama matan Achida ta ce su biya duka. Ba ruwanta da rabonku na cikin gida. Sannan sau da yawa talla kan ce kowane abokin haɗin gwiwa sai ya kawo nasa takardun CAC da na haraji, to wanda bai da su ba zai shiga ta wannan ƙofa ba.

Ta uku ita ce irin ta bakin dam: ku kafa uwar ƙungiya mai zaman kanta, wadda ƙungiyoyi ne mambobinta. Tana iya zama gamayyar ƙungiyoyin gama kai, a yi mata rajista a ofishin kula da gama kai na jiha. Tana iya zama ta amintattu ko kamfanin da ba na raba riba ba, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ita ke riƙe takardu, ita ke biyan odita ɗaya maimakon huɗu, ita ke neman aiki ta raba wa mambobi. A Italiya haka ƙungiyoyin gama kai masu hidimar jama'a suka yi. Dokar 1991 ta ba su matsayi, suka dunƙule a gamayya-gamayya, yau su ke gudanar da gidajen renon yara da kula da tsofaffi na ƙananan hukumomi da yawa. A nan gida ku dubi FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985: ƙungiyoyin mata ne daban-daban suka shiga inuwa ɗaya, shi ya sa duk mai shirin lafiya ko ilimi a Arewa yake neman ta.

Ni dai a ganina wannan ta uku ita ce ta fi dacewa da yankinmu, amma da sharaɗin a fahimci abu ɗaya: sabuwar ƙungiya jaririya ce a idon mai tantancewa. Ba ta da harajin shekara uku, ba ta da odita na shekara uku. In kuka kafa ta ranar da talla ta fito, kun makara da shekara uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin yi shi ne a kafa ta yanzu, ta fara da ƙananan ayyuka, gyaran aji biyu da kwamitin makaranta ya bayar, yashe kwata na ƙaramar hukuma, kowanne a karɓi takarda. A tsakanin nan, in babban aiki ya fito, a shiga ta hanya ta farko ko ta biyu.

Wani abu da za a sani tun wuri: in kun yi rajistar amintattu, rarar kuɗi ba ta rabuwa tsakanin mambobi. Za a biya wanda ya yi aiki ladan aikinsa, sauran ya koma hidimar ƙungiya. In kuna son a riƙa raba riba a ƙarshen shekara, gama kai ce taku. Ku zauna da lauya sa'a ɗaya kafin ku zaɓa, ya fi ku zo kuna rigima bayan kuɗi ya shigo. Kuma rashin neman riba bai ɗauke muku lambar haraji da kai bayanin shekara ba. Da wannan bayanin ne ake samun takardar shaidar da talla ke nema.

Yanzu zancen kuɗi, inda zumunci ke mutuwa.

Kwangilar gwamnati ba tallafi ba ce. Tallafi ana ba ka kuɗi ka je ka yi aiki. Kwangila kuwa ka yi aiki, a zo a duba, ka kai takardar neman biya, ka jira. Dokar tarayya ta yarda a ba da kafin alƙalami, da can kashi 15 cikin ɗari, gyaran 2020 ya ɗaga shi zuwa kashi 30, amma sai ka kawo lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Dokar ta kuma ce biyan da ya wuce kwana 60 ya zama jinkiri, har da ƙarin kuɗi a kai. A takarda ke nan. A zahiri ku tambayi duk ɗan kwangilar da kuka sani wata nawa ya taɓa jira. Ƙungiya ɗaya mai ƙaramin ƙarfi, wata uku babu biya ta durƙushe, masu aikin sa kai sun gudu, mai shagon kayan famfo yana sallama kullum. Gamayya tana iya jurewa in ta tanadi asusun jira tun farko, kamar adashen da ba a kwasa. Amma sai an rubuta: wa zai zuba nawa, kuma in kuɗi ya fito wa za a fara biya.

Sai farashi. Kuskuren ƙungiyoyin agaji shi ne sun saba aikin Allah, sai su rubuta kuɗin kaya kawai. Man babur fa? Katin waya? Ladan sakataren da zai kwana yana rubuta rahoto? Odita? Harajin da ake cirewa tun kafin kuɗin ya iso asusunku, da harajin kaya na kashi 7.5? Tashin farashi tsakanin ranar da kuka rubuta da ranar da za ku saya? Wanda ya karya farashi don ya samu aiki, shi zai ƙare yana tallafa wa gwamnati da aljihun talakawan ƙungiyarsa. Ita ma jagorar gamayya tana da haƙƙin wani kaso na ɗawainiyar ofis, kuma gara a faɗi kason a fili a rubuta, da a bar ta ta riƙa yanka a ɓoye.

Akwai kuma kuɗin da ba wanda ke son ambata, na tsaro. Mutanen Rabah ba su manta harin Tabanni na Yulin 2018 ba, wanda ya kora jama'a zuwa Gandi. Na Goronyo ba su manta na kasuwa ba, a Oktoban 2021. Wannan hali shi ne ya sa ɗan kwangilar nesa ba ya iya shiga ƙauyuka da yawa, shi ne kuma babbar hujjarku a takarda: mu muna ciki, mun san hanya, mun san ranar da ba a bin ta, uban ƙasa da limamai sun san mu. Ku rubuta wannan ƙarara, da sunayen gundumomi da yawan mutanenku a kowace. Amma kada hujjar ta zama tarko. In an sace yaro ɗaya yana kan aikin gamayya, wa ke da alhaki? In gunduma ta rufe wata biyu ba a shiga, za a ce kun karya alƙawari? Ku nemi a sa wannan a cikin kwangila, ku ma ku sa a taku yarjejeniyar.

Ga wani gargaɗi, ku saurara da kyau. Haɗuwa a fili, tanda ɗaya da sunaye huɗu, halal ce a doka. Amma ku huɗun ku kai tanda huɗu daban-daban, bayan kun shirya a ɗaki cewa uku su tsawwala farashi don ɗaya ta samu, wannan haɗin baki ne, laifi ne a dokar 2007, hukuncinsa ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba zaɓin tara. Na san ana yi, har ana kiransa dabara. Haka nan in ciyaman na gamayya ƙanen jami'in da ke tantancewa ne, a bayyana tun farko. Kuma don Allah kada ku bari gamayya ta zama reshen jam'iyya. Kansila zai zo da fara'a, ɗan majalisa zai ce shi ne uban ƙungiya. Ranar da mulki ya juya, da ku za a share.

In kuma kun nema an hana ku, ba shi ke nan ba. Ku je wurin buɗe tanda da kanku, a fili ake karanta farashin kowa, dokar tarayya ma ta ce a gayyaci masu sa ido daga waje. Ku rubuta abin da kuka ji. Ku nemi a faɗa muku dalilin faɗuwarku. In kun ga an yi ba daidai ba, kuna da kwanakin aiki 15 ku kai ƙorafi a rubuce ga shugaban ma'aikatar, in bai gamsar ba ku wuce BPP. Sau da yawa dalilin ba ya wuce takarda ɗaya da wa'adinta ya ƙare, ko shafin da ba a sa wa hannu ba. Haushi gare shi, amma ya fi sauƙin gyara a kan rashin kowa a sama.

Gamayya kuma tana da wani ƙarfi da ƙungiya ɗaya ba ta da shi: tana iya magana tun kafin a yanka aikin. Ƙungiya ashirin daga ƙananan hukumomi uku in suka rubuta wa ma'aikata cewa a raba aikin kashi-kashi, kowace ƙaramar hukuma da nata, ko a ba da maki ga mai ɗaukar 'yan gari, za a saurare su fiye da mutum ɗaya. A Brazil dokar 2009 ta ce aƙalla kashi 30 na kuɗin ciyar da ɗalibai a sayi abinci da shi daga ƙananan manoma, kuma ƙungiyoyin manoman sun daɗe suna matsa lamba kafin a kai ga haka. Mu nan da aka fara ciyar da 'yan firamare a 2016 a kan naira 70 kowane yaro, mata masu dafawa ɗai-ɗai aka ɗauka, manyan kaya kuma aka ba dillalai. Ku yi tunanin a ce masu shinkafar Goronyo da masu albasar Wurno da matan da ke dafawa suna inuwa ɗaya mai rajista a lokacin.

Kuma ƙofofi na nan tafe. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma duk ranar da ta tabbata, ƙananan ayyukan hidima a sakatariyar Rabah da ta Wurno da ta Goronyo za a riƙa yanke su. A Satumban 2024 kuma Bankin Duniya ya amince da SPIN, magajin TRIMING, na dala miliyan 500, shi ma da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a tsakiyarsa.

Matasan nan da na ba ku labari, kafin in taso na ce su kawo littafin ƙungiya. Suka kawo wani tsohon littafin makaranta. A ciki akwai sunan kowane famfo da suka gyara, da ranar, da abin da aka saya, shekara da shekaru, da rubutun mutum uku daban-daban. Na ce su ɗauki hoton kowane shafi, su je wurin mai garin kowane ƙauye ya sa musu hannu da hatimi cewa an yi, sannan su nemi ƙungiyar matan da ke maƙwabtaka da su su ji ko suna da irin wannan littafi. Ashe suna da shi.

A shiri na gaba za mu ɗauko tallar kwangila ta gaske daga jarida, mu bi ta layi-layi. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa. Sai mun haɗu.